Malamin da muka kasa kashi uku

Akwai wata takarda da na rubuta da hannuna a watan Nuwamba na 2023, wadda har yau in na tuna ta sai kunya ta rufe ni. Layi biyar ce kawai. A ciki ina neman wani malami ya ba ni bayani a rubuce, cikin awa 48, dalilin da ya hana shi zuwa aiki ranar Talata. Na sa hannu, na buga hatimi, na ba surbeyan ya miƙa masa. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta a ƙasar nan ya san irin wannan takarda, ya kuma san yadda gaban malamin kwantaragi yake faɗuwa in ya gan ta, shi da ba a riga an ɗauke shi cikakken ma'aikaci ba.

Kwalejin da nake riƙe da ita CEG ce ta ƙauye a jihar Maraɗi. Ba zan faɗi sunanta ba, don labarin ya shafi mutanen da har gobe muna gaisawa. A Oktoban wannan shekara muka buɗe babu malamin lissafi. Namu ya samu canjin wuri, ba a aiko madadinsa ba. Sati uku ƴan 3e suna zaune suna kallon allo, su da BEPC ke jira a ƙarshen shekara. Da muka matsa da kuka, sai aka samo mana dabara daga sama: akwai wani matashi a CEG ta garin kasuwa, kilomita 14 daga wurinmu, a raba shi. Wata sabuwar CEG da aka buɗe cikin rumfunan zana, kilomita 9 daga wurinmu ta wani gefen, ta ji labari, ita ma ta miƙo ƙoƙonta. Aka yanka: awa 8 wurina, awa 8 a garin kasuwa, awa 5 a sabuwar. Jimilla 21. A takarda abin ya fita daidai kamar rabon gado.

Yara suna ce masa Mushe Mat, ni ma haka zan kira shi a nan.

Mu daraktoci uku kowa ya koma buronsa ya ɗauko jadawalinsa, wanda ya riga ya tsara tun kafin a buɗe, ya nemi inda rami yake ya cusa Mushe Mat. Babu wanda ya kira ɗan uwansa. Ni na fi son ƴan 3e su yi lissafi da sassafe, lokacin da kai yake da sanyi, sai na sa shi ƙarfe 8 a wasu ranaku. Ranakun da na tarar na garin kasuwa ya riga ni kama safiyar, na sa shi ƙarfe 11. Tsakanin 10 da 11 ga awa guda cur, na ce a raina, ai kilomita 14 ba nisa ba ce. Ban taɓa bin hanyar nan a kan moto cikin sauri ba. Rairayi ne har gwiwar taya, ga amalanken shanu, ga wani kwari da ake sauka a tura.

Sai ya riƙa isowa a makare, ƙura har gashin ido. Ya shiga aji ya buɗe kaye, ya yi tsaye yana juya shafi yana neman inda aka kwana. Yana da 3e biyu, ɗaya wurina ɗaya a can, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba, tun da nawa sun yi asarar sati uku. Wata rana ya shiga ya fara aikin Tales da yarana, yana ta tambaya suna ta kallonsa, sai da aka ci rabin awa wata yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mushe, ba ka yi mana wannan ba." A can ya yi shi. Ya goge allo ya koma baya, awa ta tafi.

Ranar Talatar da nake magana, bai zo ba sam. Aji biyu suka zauna. Ya zo daidai da ranar Alhamis muna da taron iyayen yara, wani dattijo mai ɗiya a 3e ya tashi ya ce, "Darakta, wannan mushen naku aljani ne? Muna jin labarinsa, ba ma ganinsa." Aka yi dariya. Mushe Mat yana zaune a bencin baya. Na san awa 8 kaɗai gare shi a wurinmu, na san sauran yana wasu makarantu, kuma jimla biyu daga bakina sun isa su wanke shi. Ban faɗa ba. Na ce za mu ɗauki mataki. Da aka watse na shiga buro na rubuta takardar.

Bai ba ni amsa a takarda ba. Washegari da la'asar, bayan ya gama da sabuwar makarantar, ya biyo ta wurina, ya yi sallama, ya ajiye wani kaye mai bango shuɗi a kan tebur ya ce, "Darakta, ka duba wannan tukuna. In ka gama, abin da ka ce in rubuta zan rubuta."

Malamin lissafi ne, komai ya rubuta. Kowace rana da inda ya tashi da inda ya je da kilomita. Litinin 28, Talata 28, Laraba 34, Alhamis 28, Juma'a 22. Kilomita 140 a sati, kusan awa 7 a kan moto, waɗanda ba su cikin jadawalin kowa. Ga kuɗin mai a gefe, kuma kun tuna yadda man da ke shigo mana daga Najeriya ya yi tsalle bayan an cire tallafi a can a ƙarshen Mayun 2023. Daga ɗan abin da ake biyansa yake saye, shi ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. A wani shafin ya jera tarurruka: taron malamai uku, ɗaya a kowace makaranta, da rukunin WhatsApp uku, da aikin tsaron jarrabawa da kowannenmu ya ɗora masa daidai da na sauran malamai, don adalci. Takardun yara da ke jiran gyara, tuli shida. Ranar Talata kuwa, daraktan garin kasuwa ne ya riƙe shi tsaron jarrabawa har azahar. Ya kira ni tarho ba ya shiga, ya ba wani ɗan kabu-kabu saƙo, saƙon ya iso wurin surbeyan ɗina, shi kuma ya manta.

Laifi tudu ne. Na rufe kayen na ce masa ya bar maganar takarda. Amma jadawali ban taɓa shi ba, don ban ga ta inda zan kama ba. Haka muka lallaɓa har hutun Disamba.

A hutun ne na je Maraɗi bikin wata ɗiyar ƙanena, na haɗu da ɗan ƙanwata da ke aiki a Yamai. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta da ta tarho, irin aikin da in an tambaye shi a gida sai ya ce "ina aiki da kwamfuta" ya huta. Da dare muna shan shayi yana ta ƙorafi: kamfaninsu ya raba shi tsakanin ayyuka uku, rabin lokacinsa nan, sauran can da can, kowane shugaban aiki yana ganin shi ne mai shi. Ya ce in ya bar wani aiki ya koma wani, sai ya ɓata kusan rabin awa kafin kansa ya dawo inda ya tsaya, wani lokaci kafin ya dawo an sake kiransa. Na yi dariya na ce ai ina da irinka a ƙauye. Na ba shi labarin Mushe Mat.

Ya ajiye kofi ya ce, "Kawu, in abu biyu suka haɗu masa rana ɗaya, wa ke gaya masa wanda zai fara?"

Na ce mu uku.

Ya ce, "To ai ba shi da shugaba ke nan. Masu ja gare shi. Kuma duk ranar da kuka ja tare, shi kuka bar wa zaɓin wanda zai ɓata wa rai, sannan wanda ransa ya ɓaci ya rubuta masa takarda."

Ban ji daɗin maganar ba, daga bakin yaron da aka yi wa suna a gabana. Amma na bar shi ya ci gaba.

A wurinsu, in ji shi, akwai wani salon aiki da suke kira ajayil. A watan Fabrairu na 2001 ne mutum 17 masu wannan sana'a suka taru a Snowbird, a duwatsun jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa. Gundarinta shi ne a fi ba mutane da maganar da ke tsakaninsu muhimmanci a kan tulin takardu da ƙa'idoji, kuma in hali ya canja a canja tsari, kada a liƙe wa abin da aka rubuta tun farkon shekara. Cikin hanyoyin da ake bi akwai Scrum: ƙaramar ƙungiya, galibi ba ta wuce mutum 10 ba, tana ɗibar aikin da za ta iya gamawa cikin zagaye ɗaya, wanda ba ya wuce wata guda, da yawa ma sati biyu suke yi. Kullum su haɗu na minti 15 su ga inda aka kwana da abin da ya tsaya. Ƙarshen zagaye su zauna su yi waiwaye. Kuma mutum ɗaya ne yake da ikon jera aiki, wannan gaba, wannan baya. Akwai kuma Kanban, wanda ya samo asali daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan: allo ne da aka tsaga gida-gida, abin da ke jira, abin da ake kai, abin da aka gama, tare da iyaka a kan yawan abin da za a buɗe lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa, mu ma mun san wannan tun kafin Toyota.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce tsarin nasu an gina shi ne a kan mutum ya zauna cikin ƙungiya ɗaya. Mutumin da aka raba ciwon kai ne sananne a wurinsu, kuma duk dabarun da ake yi masa faci ne, maganin gaske a ɗauki wani. In ba hali, to a rage yawan tsallen da yake yi, a ba shi lokaci dunƙule, a tara duk aikinsa a wuri ɗaya inda masu jansa za su gani tare, a daina lissafa shi kamar zai ba da ɗari bisa ɗari. Ya ce rabi da rabi na mutum ba sa haɗuwa su ba da mutum guda, kullum akwai abin da ke zubewa a tsakani.

Na dawo da wannan a kaina. Kafin a koma na nemi sauran daraktocin biyu mu haɗu ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, tun da kowa yana zuwa cefane. Na kira Mushe Mat ma, na ce ya zo da kayensa. Ban ambaci ajayil ba, ban ambaci Amurka ba. Daraktan garin kasuwa ya girme ni da shekara goma a aiki, in na fara da cewa ɗan ƙanwata ne ya koya mini, da nan taron zai ƙare. Na dai tura masa kayen ya karanta.

Abu na farko da na nema shi ne a daina raba masa yini. Litinin da Talata wurina, Laraba a sabuwar, Alhamis da Juma'a a garin kasuwa. Dattijon ya ƙi. Ya ce malaminsa ne tun asali, aro ya ba mu, ba zai rushe jadawalin malamai goma sha don baƙi ba. Yana da hujja kuma, wadda duk malami zai gane: lissafi ba a yi wa yaro ɗura. Awa biyu yau, awa biyu gobe, sannan kwana biyar babu, yaro zai dawo kamar bai taɓa gani ba. Muka rabu ba a daidaita ba.

Wadda ta warware mana ita ce shugabar iyaye mata ta makarantarsa, wata hajiya mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ya kai mata ƙarata. Ta saurare shi ta ce, "Malam, ko mai mata uku ba ya raba dare uku. Kwana ake rabawa, kowa ta san ranar girkinta." Shi da kansa ya ba ni labarin yana dariya, ranar da ya kira ni ya ce ya yarda a gwada na wata guda.

Sai lissafin hanya ya canja. Litinin da safe ya taso zuwa wurinmu, kilomita 14. Ya kwana biyu a ɗakin da kwamitin iyaye ya samar masa a gidan wani ɗan kwamitin, ana kai masa tuwo. Laraba ya wuce sabuwar, kilomita 9, daga can ya koma gida, 11. Kilomita 34 a sati maimakon 140. Kuɗin man kuma muka kai gaban kwamitocin uku. Nan ma an sha magana. Wani uba a wurina ya ce don me zai saya wa malami man da zai je ya koyar da ɗiyan wani gari. Ma'ajin kwamiti ya ce masa, man da zai dawo maka da shi fa? Aka tsaya a kan jika uku-uku a wata daga asusun kowace makaranta.

Sauran abubuwan da muka tsara ba su da yawa. Muka cire shi daga tsaron jarrabawa gaba ɗaya, da duk taron da ba na tantance makin yara ba ne. Malamaina sun yi gunaguni, ɗaya ya ce ashe akwai ƴan mowa. Na ɗauko kayen na ce duk mai son a sauƙaƙa masa tsaro ya karɓi moto da hanyar. Muka jera ranakun gwajin lissafi na makarantun uku don kada su faɗo sati ɗaya, muka ce tulin takardun da ke hannunsa kada ya wuce biyu, sai ya mayar da ɗaya a ba shi wani. A tsakiyar kayen ya tsaga shafi gida uku, kowane aji da babin da ke jira, da wanda ake kai, da wanda aka gama. Duk Lahadi ta biyu mu huɗu mu haɗu a rumfar mai shayi mu duba shafin, mu yanke abin da za a yi a sati biyu masu zuwa. In rikici ya taso a tsakani, dattijon ne mai yankewa, a ranar, kuma Mushe Mat ba shi ne zai kai saƙon ga wanda aka hana ba. Na ba dattijon wannan kujera ne don ya yarda da sauran, na kuma yi zaton zai riƙa ja wa kansa. Sau biyu kawai ya yi hakan a shekarar, sau ɗaya ma yana da gaskiya.

Taron minti 15 na kullum bai yi rai ba ko sati guda. Ina za a samu layin da zai haɗa mutum huɗu a ƙauyuka uku kowace safiya, kuma wa zai sayi katin? Ya koma saƙon murya guda da Mushe Mat yake turo mana daren Juma'a, in ya samu wurin da tarho ke kamawa.

Tsoron dattijon game da ɗura ya tabbata. Sati uku da farawa na shiga 4e ranar Litinin na zauna a baya, na ga rabin awar farko ta tafi wajen tuna wa yara abin da aka yi Talatar da ta wuce. Manhaja in ka bar ta kwana biyar za ka same ta inda ka bar ta. Yaro ɗan shekara 14 da ya yi kwanakin nan yana kiwo da ɗibar ruwa, ba haka yake ba, kuma ɗan ƙanwata bai taɓa tsayawa gaban allo ba balle ya gaya mini wannan. Da muka kai maganar rumfar mai shayi, Mushe Mat ne ya kawo gyara. Duk Talata kafin ya tafi zai bar atisaye guda biyar a rubuce, tare da amsoshinsu a cikin ambulan. Ranar Alhamis da Juma'a akwai awar da yaran ke zaune babu malami, sai su yi cikin rukuni na mutum shida-shida, kowane rukuni da jagora daga cikinsu, malamin SVT yana leƙawa, shi ke riƙe da ambulan ɗin. Yarinyar nan da ta ce "ba ka yi mana wannan ba" ita ta zama jagorar rukunin da ya fi kowane ƙoƙari. Shi kuma malamin SVT, wanda da ma shi ke lallaɓa lissafin 6e da 5e a wurina ba da son ransa ba, ya fara zama da Mushe Mat daren Litinin suna shirya darasi a hasken fitilar tarho. Wannan ba mu tsara shi ba, kwanan da yake yi a garin ne ya haifar da shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin ba da shi.

Azumin 2024 ya kama a tsakiyar Maris, aka yi salla a Afrilu cikin zafin da kowa ya tuna. Da muka dawo muka buɗe shafin nan mai gida uku, sai ga abin da ke jira a 3e ɗina ya fi kwanakin da suka rage. Sati ukun Oktoba suna nan suna binmu bashi. Da can irin wannan ba a ganinsa sai jarrabawa ta zo, malami ya bi sauran babobin a guje ya rubuta a littafin aji cewa an gama. Yanzu ga shi a gabanmu mu huɗu, baƙi a kan fari. Dole a samo awoyi, kuma wuri ɗaya kaɗai suke: Larabar sabuwar makaranta, wadda ba ta da ajin jarrabawa, 6e da 5e kawai gare ta.

Ni na kawo shawarar. Dattijon ya goyi baya, don shi ma zai samu rabi. Muka ce na sati shida ne.

Daraktar sabuwar makarantar mace ce, ƙanwar bayanmu a aiki, mai kawaici. Ranar ba ta yi kawaici ba. Ta ce, "Yaya, awa 5 kuka ba ni na aji biyu, wanda ko aji ɗaya da ƙyar ya isa. Ban yi magana ba. Yanzu su ma za ku karɓe. Ɗiyan nan nawa nan da shekara biyu su ne ƴan 3e, ranar nan wa za ku ƙwace wa ku ba su?" Babu wanda ya amsa. Ta juya wurin Mushe Mat ta ce shi me ya gani. Ya ce shi an ce ba shi ne mai zaɓa ba. Ƙa'idar da muka kafa don mu kare shi, ranar ita ta rufe masa baki, kuma na ga alamar yana da abin faɗa.

Muka karɓi Larabar. Ya riƙa aika mata atisaye da ambulan ta hannun ɗan kabu-kabu, malamin Faransancinta yana tsare yaran. Ba daidai yake da darasi ba, dukanmu mun sani. Jera aiki, wannan gaba wannan baya, a bakin ɗan ƙanwata abu ne mai sauƙi, don abin da ya koma baya a wurinsu wani maɓalli ne a fuskar tarho. A wurinmu yara saba'in da wani abu ne a rumfar zana, waɗanda iyayensu ba su da ɗan da ke shiga jarrabawa balle su zo su yi mana hayaniya. Har yanzu in aka ce in sake, ina jin zan sake yin abin da na yi, don BEPC ba ta jira. Amma da zan ce wa iyayen can da bakina, a gabansu, ga abin da muka ɗauka daga ɗiyanku, ga kuma dalili. Ban je ba. Ita na bari ta yi musu bayani.

Aka yi jarrabawa, wasu suka samu wasu suka faɗi, kamar kowace shekara. Ɗiyar dattijon da ya ce aljani ne tana cikin waɗanda suka samu. Ya aiko wa Mushe Mat da zabi biyu, bai dai tashi a taro ya janye maganarsa ba, ni ma ban tashi na janye shirun da na yi ba.

Da hutu ya zo Mushe Mat ya nemi a mayar da shi kusa da birni, inda matarsa take da jinjiri, aka ba shi. Ranar da ya zo sallama ya bar mini kayen, ya ce wanda zai zo bayansa zai ga inda kowane aji ya tsaya. Bayan ya tafi ina juya shafuka sai takardata ta faɗo, a ninke huɗu. Ya yi lissafin kuɗin mai na watan Nuwamba a bayanta.

Bana an aiko mana malamin lissafi namu na kanmu, sai dai babu na fizik. Wadda za mu raba da garin kasuwa mace ce mai goyo, ba za ta iya kwana a garinmu ba, mijinta ma ba zai yarda ba, ga shi ba ta tuƙa moto, sai dai a ɗauko ta. Tsarin yini biyu a jere ya rushe tun kafin a fara. Dattijon ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san rumfar mai shayi ba. Na kira shi jiya, na ce Lahadi in ya gama cefane ya jira ni, kuma kada ya cike jadawalinsa tukuna. Na ce ya gaya wa Madan ita ma ta zo, ta zo da kaye.